Baki ko Gidan Dara: Sharhi kan Wasan Shiga Labari daga Bakin Kogin Haɗeja

A Turai da Amurka, da ma wasu biranen Afirka a 'yan shekarun nan, akwai wani wasa da mutum huɗu ko biyar kan kewaye tebur su kwashe sa'o'i suna yi, ba kwamfuta, ba waya. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora. Shi ke riƙe da duniyar da ake ciki, garuruwanta da dazuzzukanta, sarakunanta da 'yan fashinta. Sauran kuwa kowa ya ɗauki mutum guda ya zama shi: wannan maharbi, wancan falke, waccan mai magani. Jagora zai ce: "Kun iso mashigi, rana ta faɗi, mai fito ya ɗaure jirginsa ya tafi gida, ga kuma ƙurar dawaki a bayanku. Me za ku yi?" Kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai aikata. In abin mai sauƙi ne, jagora ya ce ya yiwu. In da shakka, a jefa ƙwaya irin ta ludo ta raba gardama. Ba wanda ya san inda labarin zai ƙare, har shi jagoran. Mafi shahara cikin irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. A nan zan riƙa kiransu wasan shiga labari.

Tun fitowar wasan har yau, masu yin sa sun kasu biyu a kan magana ɗaya. Wasu sun ce baki ya isa: jagora ya bayyana wuri, kowa ya gan shi a zuciyarsa. Wasu sun ce a'a, sai an shimfiɗa takarda mai zanen gidan dara, an ɗora 'yan mutum-mutumi na roba ko na dalma, kowa ya ga da idonsa inda mutuminsa yake tsaye da inda abokin gabarsa yake. Wasan bai yaɗu a ƙasar Hausa ba tukuna, amma gardamar tamu ce ta wata fuska, domin kayan da ɓangarorin biyu ke taƙama da su duk muna da su a gida tun kaka da kakanni. Ina ganin kuma babu wurin da ya fi fadamar Haɗeja dacewa da a zauna a auna maganar, saboda ƙasa ce da iyakokinta ba sa zama wuri ɗaya.

Abin da muke da shi a gida

A fara da dara. Dattawa biyu a inuwar darbejiya, ɗaya ya share ƙasa da tafin hannu, ya lotsa gidaje da yatsa, layi biyar, kowane layi gida shida, talatin ke nan. Wannan ya riƙe 'yan tsinkaye goma sha biyu, wancan tsakuwa ko ƙwallon dabino goma sha biyu. Za su yi ta ajiyewa ɗaya bayan ɗaya har hannun kowa ya ƙare, a bar gida shida fanko. A waɗannan gidaje shida ne duk dabarar take. Ɗan dara yana matsawa gida ɗaya ne kawai, gaba ko baya ko gefe, ba ya ratsa kusurwa. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin wasansa. 'Yan kallo sun yi da'ira, wani na gyaran murya, wani ya kasa haƙuri ya miƙa yatsa, a kwaɓe shi. A dara ba a musu a kan inda ɗa yake, ga shi nan kowa na gani. Sai dai ɗan dara ba shi da suna, ba shi da uwa, ba shi da tsoro. Tsinke ne kawai.

A ɗaya gefen ga tatsuniya. Da an ce "Ga ta nan, ga ta nanku," an amsa, shi ke nan an bar tsakar gida an shiga daji. Gizo yana da hali, Ƙoƙi tana da baki, Dodo yana da ban tsoro, amma ba yaron da ya taɓa tsayar da kakarsa ya tambaye ta taku nawa ne tsakanin Gizo da kura. Ba ya tambaya domin ba wuyansa ne a ciki ba. Sauraro yake yi.

Muna kuma da wasannin ɗaukar hali. A tashe, daga goma ga watan azumi, yara kan shiga rigar wani: tsoho mai gemun auduga, malami, maharbi, su bi gida-gida. A kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samari da 'yan mata kan naɗa wa junansu muƙamai su kwaikwayi masu mulki. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa. Littattafanmu ma tun daga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, cike suke da labarin mutum guda da ya bar gida ya faɗa duniya yana cin karo da abubuwan mamaki.

Wasan shiga labari ya haɗa waɗannan ne wuri guda. Ya ɗauki mai sauraron tatsuniya ya ce masa, yau kai ne Gizo, in kura ta cim maka, kai ta cim wa. Daga wannan lokaci tambayar taku nawa ta zama tambayar rai da mutuwa. A nan gidan dara ya samu ƙofar shiga.

Daga teburin soja zuwa teburin labari

Gardamar ta girmi wasan kansa, kuma a hannun sojoji ta faro. A 1780 wani malamin lissafi a Braunschweig ta ƙasar Jamus, Johann Hellwig, ya faɗaɗa allon ces ya mai da shi filin daga mai gida 1,617, aka rina gidajen launi-launi don nuna dutse da ruwa da daji. Hafsoshi sun ga amfaninsa, sun kuma ga aibinsa: kogi ba ya tafiya a miƙe, rundunar dawaki ba ta juyawa a kusurwa. Shi ya sa wani mutumin Furushiya, Georg Leopold von Reisswitz, ya yi watsi da gidajen, ya fara gwada wasansa a kan teburin yashi, kafin ya gabatar wa sarkinsu da wani ƙawataccen tebur a 1812. Ɗansa, wanda hafsan igwa ne, ya gyara shi a 1824: taswirar gaske, 'yan gutattaki masu launin ja da shuɗi a matsayin runduna, ma'aunin tazara, ƙwayar jefawa, da alƙali wanda shi kaɗai ya san duk abin da ke faruwa a filin. Wannan alƙali shi ne kakan jagoran wasan yau. Bayan Furushiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, rundunonin ƙasashe da dama suka rungumi wasan. Da dokokinsa suka yi yawa har suka gundiri mutane, sai wani hafsa, Verdy du Vernois, ya kawo shawara a 1876 cewa a rage lissafi a bar wa gogaggen alƙali hukunci. Ka ga ke nan ɓangarori biyun sun bayyana tun wancan zamani: masu dogaro da ma'auni da masu dogaro da bakin amintaccen mutum.

Daga bariki wasan ya fito zuwa ɗakunan farar hula. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya wallafa Little Wars, dokokin yaƙi da 'yan sojojin dalma a kan daɓen ɗaki, ana auna tafiya da zare. A Amurka kamfanin Avalon Hill na Charles Roberts ya dawo da gidaje, daga 1961 kuma ya yaɗa gida mai kusurwa shida irin na saƙar zuma. A 1971 Gygax da Jeff Perren suka fitar da Chainmail, dokokin yaƙin dawaki da takubba. Sai Arneson ya yi abin da ya sauya komai: maimakon ɗan wasa ya ja runduna, ya ba shi mutum guda, ya tura shi ramukan ƙarƙashin wata fada neman dukiya.

Dungeons & Dragons na farko ya gaji awon inci daga wasannin yaƙi, amma mutane da yawa sun yi shi da baki da fensir kawai, ɗan wasa guda yana zana hanyar da suka bi a takarda mai gidaje don kada su ɓace. Daga baya ma'auni ya ƙara ƙarfi. Bugun 2000 da gyaransa na 2003 sun kafa ƙa'idar cewa gida ɗaya mai faɗin inci ɗaya daidai yake da ƙafa biyar. Bugun 2008 ya kai abin ƙarshe, har ya daina ƙirga tafiya da ƙafa ya koma ƙirga ta da gidaje, kusan ba a iya yin faɗa a cikinsa sai da allo. Jama'a da yawa suka yi ƙorafi. Bugun 2014 ya ja da baya, ya mai da gidan dara zaɓi, wanda ya so ya shimfiɗa, wanda bai so ba ya bari. Shekara arba'in ana kai-komo, aka dawo inda aka faro, da ƙarin sani.

Abin da gidan dara ke bayarwa

Masu son allo ba su faɗi banza ba. Babbar hujjarsu ita ce adalci. A dokokin wasan, mutum na tafiya ƙafa talatin a zagaye ɗaya na faɗa, wato gida shida, zagayen kuma daƙiƙa shida ne a cikin labarin. In da allo, ɗan wasa zai ƙirga da yatsa ya ga ko zai kai ga ƙofa kafin a rufe ta. In babu, sai abin da jagora ya ce. To a ce jagoran yayan wasu ne cikin 'yan wasan, ko abokin ɗaya daga cikinsu. Ranar da ya ce wa wani "ba ka kai ba, mashi ya same ka," zargi ya shigo. Allo shaida ne da ba ya son kowa, ba ya ƙin kowa. Gani ya kori ji.

Hujja ta biyu ita ce mutum biyar da suka ji magana ɗaya, wuri biyar suke gani a ransu. Jagora ya ce "kuna cikin zaure." Wani ya ga ƙaramin zauren gidansu, wani ya ga soron fada mai ginshiƙai. Muddin hira ake yi, ba laifi. Da an zare takobi, bambancin zai fito: wannan yana zaton yana bayan ginshiƙi, jagora kuwa a fili ya ajiye shi. Layi huɗu a ƙasa da 'yan tsakuwa biyar sun isa su kashe wannan rigima kafin ta tashi.

Ta uku, allo yana koyarwa. A ranar 25 ga Afrilu 1906 sojojin Ingila suka auka wa Haɗeja. Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka gwabza a cikin gari har ya kwanta dama tare da jama'arsa masu yawa, abin da ya sa har yau ake kiransa Mai Shahada. Malamin tarihi zai iya faɗa wa ɗalibai wannan da baki, su rubuta, su manta. Amma a ce ya fita da su filin makaranta, ya zana ganuwa da ƙofa da lunguna da fada a kan yashi, ya jera tsakuwa a matsayin barade masu sulke da lifidi, ya jera tsinkaye a matsayin masu bindiga. Ya ce barde sai ya iso gidan da ke maƙwabtaka da abokin gaba kafin mashinsa ya yi aiki, bindiga mai ruwan harsashi kuwa tana cin duk wanda ya shigo layinta tun daga can nesa. Ya bar ɗalibai su gwada da hannunsu. Kafin a tashi, kowane yaro zai gane da kansa cewa ba ƙarancin zuciya ne ya kayar da Haɗeja ba, tazara ce. Wannan fahimta allo ne kaɗai ke ba da ita da sauri haka.

Abin da yake karɓa

Sai dai wannan misali da kansa ya nuna iyakar allon. Yashi zai nuna yadda aka yi aka rasa yaƙin. Ba zai nuna dalilin da ya sa mutane suka tsaya alhali sun san labarin abin da ya sami Kano da Sakkwato a 1903 ba. Shawarar da aka yi a fada, kunyar a ce namiji ya juya baya, imani, bankwana da iyali, duk waɗannan ba su da gida a allo. Baki ne ke ɗaukarsu. Abin baƙin ciki ne a rage wa irin wannan rana daraja har ta zama lissafin gidaje kawai.

Wannan shi ne babban ƙorafin masu son baki. Sun lura cewa da zarar an shimfiɗa allo, idanu sukan sauka daga fuskokin juna su koma kan tebur. Ɗan wasan da ɗazu yake tunanin ko ya roƙi ɗan fashi, ko ya yaudare shi da cewa dogaran sarki na tafe, ko ya kashe fitila ya silale, yanzu ƙirga gidaje yake yi. Allon ya faɗa masa, ba da murya ba, cewa lokacin faɗa ya yi. Abin da ba a zana ba kuma sai ya zama tamkar babu shi: in jagora bai zana tulu a kusurwa ba, ba wanda zai yi tunanin jifa da shi. A wasan baki kuwa ɗan wasa zai tambaya, "Akwai tulu a zauren?" jagora ya ce akwai, labari ya samu sabuwar hanya.

Akwai kuma cin lokaci. Faɗan da a cikin labari bai wuce rabin minti ba yana iya cinye sa'a guda a tebur. Akwai cin kuɗi: 'yan mutum-mutumin da ake sayarwa, masu tsayin kamar gaɓar yatsa, daga waje ake kawo su, da kuɗin waje ake sayensu, har sun zama sana'a mai zaman kanta a hannun kamfanoni irin su Games Workshop na Ingila. Matashin da ke ganin hotunansu a intanet zai iya ɗauka cewa wasan na masu hali ne, ya haƙura tun bai fara ba.

Ko ta fuskar lissafi ma allon ba shi da cikakkiyar gaskiya. Gidan da kowane gefensa ƙafa biyar ne, ratsa shi ta kusurwa ƙafa bakwai ne da ɗoriya. Bugun 2003 ya ce a ƙirga kusurwar farko biyar, ta biyu goma. Na 2008 ya ce a ƙirga duka ɗaya, a huta. Gida mai kusurwa shida ya magance wannan, amma shi kuma ba ya zama daidai da ɗaki mai bango huɗu. Darar Bahaushe ta kauce wa matsalar tun farko da ta hana ratsa kusurwa. Kowace hanya aka bi, an ɗan tanƙwara duniya ne don ta shiga gida.

Darasin fadama

A nan ne Haɗeja ke da abin faɗa. Kogin Kano da na Challawa sun haɗu sun zama Kogin Haɗeja. Da ya wuce gari ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tuddan yashi, sai ya rarrabu, wani reshe ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya bi tsohuwar hanyarsa, kafin ruwan ya haɗu da na Jama'are ya nufi Tafkin Chadi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, zuwan ruwan ya sauya. Wuraren da a da suke bushewa da rani suka koma riƙe ruwa, ciyawar kachalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyi, ruwa ya karkata inda ba a saba ba, tsuntsaye jan-baki suka samu mafaka suna sauka a kan shinkafa. A shekarun ambaliya kuma, kamar 2020 da 2022, kogin ya shiga gonaki da gidaje ba sallama.

A irin wannan ƙasa, fili ɗaya yana da masu shi uku a shekara ɗaya. Da ruwa ya cika, na masunci ne da mai shinkafa. Da ya fara janyewa, manomi ya bi laimarsa ya shuka. Da rani ya tsananta, makiyayi ya sauko da shanunsa. Wane zane ne bugagge zai riƙe wannan? A ce ana wasan wasu fatake da suka taso daga kasuwar kifi ta Haɗeja a kwalekwale za su Nguru. Jagora ya ce: "Kachalla ta fi ku tsayi hagu da dama, ba kwa ganin komai sai sama. Hanyar da mai jirgi ya sani bara ta toshe. Kuna jin motsi a ruwa ta gabanku, ga hayaƙin wani ƙauye can yamma." Duk daɗin wannan wuri yana cikin rashin gani ne. Wanda ya zana shi a gidaje ya nuna wa 'yan wasa abin da mutanensu ba sa gani, ya kashe tsoron da hannunsa.

Amma su fataken nan in sun fito tudu suka tarar da manomi da makiyayi sun ja daga a bakin burtali, kowa na cewa ɗayan ne ya ƙetare iyaka, to a nan sai an duƙa an zana. Ina gonar ta tsaya, ina mashayar take, ta ina shanu suka bi. Haka dagaci ke yi in an kawo masa ƙara: yakan ja layi da sanda a ƙasa, kowa ya nuna da yatsa. In an gama, a share.

Masu nazarin ruwa ma sun gano ƙarfin wannan. Wani masani, Bruce Lankford, ya ƙirƙiro wani wasa mai suna River Basin Game, aka gwada shi a Tanzaniya da Nijeriya. Allo ne mai gangara, da kwari a tsakiya a matsayin kogi, fadama a ƙarshensa. Ana sako 'yan duwatsun gilashi daga sama a matsayin ruwa, kowane ɗan wasa ya sa 'yan sanduna ya karkato su zuwa gonarsa. Na sama in ya yi haɗama, na ƙasa ya tashi hannu wofi, kowa kuma na kallo. Daga nan sai a ajiye allon a shiga tattaunawa. Duk wanda ya san abin da ke tsakanin masu noman rani na Kadawa da Auyo da masuntan Guri da Nguru ya san wannan allo gaskiya yake faɗa. Abin lura shi ne allon buɗe magana yake yi, ba shi ne maganar ba.

Masu tsara wasannin shiga labari na baya-bayan nan sun matso kusa da wannan fahimta. Wasu, kamar Fate, sun bar ƙirga gidaje sun koma raba wuri shiyya-shiyya: bakin ruwa, cikin jirgi, kan tudu. Wani mai suna 13th Age, na 2013, matsayi uku kawai ya sani: kun haɗe, kuna kusa, kuna nesa. Da'ira uku a yashi sun wadatar da wannan.

Maganar sura da ƙwaya

Ba za a kawo wannan wasa ƙasar Hausa a tsallake tambayar da iyaye da malamai za su fara yi ba, kuma suna da haƙƙin yin ta. Akwai hadisai a Muwaɗɗa da Sahihu Muslim da suka yi hani ga wasan nardi, wanda ake yi da ƙwaya, Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ma ta hana shi tare da shaɗaranji, wato ces. Malaman Malikiyya kuma sun tsananta a kan sassaƙa cikakkiyar surar abu mai rai, sun yi rangwame ga 'yar tsanar yara mata saboda hadisin Nana A'isha. Hukuncin wannan sabon wasa aikin malamai ne, kuma ya kamata a kai musu shi yadda yake, ba ƙari ba ragi.

Abin da mai sharhi zai iya nunawa shi ne wasan bai rataya a kan sura ko ƙwaya ba. Aikin ɗan da ke kan allo shi ne ya ce "ga ni nan," ba ya buƙatar fuska. Musulmin da suka yi wasan ces a ƙarnonin baya sun mai da 'ya'yansa dunƙulallun siffofi marasa ido da baki, wasan bai ragu da komai ba. Marfin kwalba, guntun kara, ƙwallon goruba, wake fari da ja, duk za su yi. Yaran da ke buga ƙwallon ƙafa da marafan lemo a kan daɓe sun riga sun san cewa marfi na iya ɗaukar suna da hali. Ƙwaya ma ana iya barinta: tun 1991 aka fitar da wasa mai suna Amber wanda babu jifa a cikinsa sam. Ana iya ba kowane ɗan wasa tsakuwa goma a matsayin ƙarfinsa, ya kashe su inda ya ga ya fi muhimmanci, in sun ƙare ya gaji. Kuɗi kuwa ba su da wuri a wannan wasa ko kaɗan, ba ci ba biya, domin 'yan wasan duk ɓangare ɗaya suke.

Inda na tsaya

Bayan auna duka, ga abin da na gamsu da shi. Baki shi ne asali, zane baƙo ne da ake kira in buƙata ta taso. Ana kiransa ne a lokacin da abu biyu suka haɗu: inda mutum yake tsaye zai yanke hukuncin abin da zai same shi, kuma 'yan wasa sun fara saɓani a kan wurin. In ɗaya daga cikin biyun babu, a bar labari ya tafi da ƙafarsa. In an zana, a zana kaɗan, a faɗa wa kowa cewa abin da ba a zana ba yana nan, a tambaya. In faɗa ya ƙare, a share nan take, don idanu su dawo kan juna. Ta wannan fuska yashin ƙofar gida ya fi bugaggen allon kamfani, ba don arha kawai ba, sai don yana karɓar gyara a duk lokacin da labari ya sauya.

Saura aikin rubutawa. A Abuja kamfanin NIBCARD Games na Kenechukwu Ogbuagu ya nuna cewa ana iya ƙera wasannin tebur a Nijeriya, har ya ci lambar Diana Jones a 2021, ɗaya daga cikin manyan lambobin wannan fage a duniya. Ƙasar Haɗeja kuwa ba ta rasa abin zubawa a ciki ba: zamanin Sarki Buhari, wanda ya yi tsayayya da Sakkwato ya kuma rasu a fagen daga a Gogaram a 1863, ayarin fatake, sarakunan ruwa da masunta, tsuntsayen da ke ƙetaro hamada daga Turai su sauka a Baturiya. Malaman tarihi da na Hausa a makarantun masarautar, da ɗaliban Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da marubutan littattafan yaƙi, za su iya haɗa kai su rubuta dokoki masu sauƙi, shafi goma ko ashirin, cikin Hausa, su nuna wa malaman addini, su gwada da yara. Yaron da ya zauna ya zama masunci a wannan mako, a mako mai zuwa ya zama makiyayi, sannan ya zama manomin da ke sama da su a bakin kogi, zai tashi da sanin cewa kowannensu yana da hujja. Yankin da ruwa ɗaya ke ciyar da mutane masu buƙatu daban-daban yana matuƙar buƙatar manya masu irin wannan sani, kuma tun suna yara ake fara koya musu.